Me ya sa wasulan Holanci na Antwerp suka saɓa da na Rotterdam?

Tambaya: Na koyi Holanci a ajin manya a Antwerp, yanzu kuma aiki ya dawo da ni Rotterdam. Malamarmu ta koya mana mu faɗi *nee* da *boot* da wasali ɗaya miƙaƙƙe, amma a nan sai nake jin kamar "nei" da "bout". Kalmar *tijd* ma wasu "tait" suke cewa, wani abokin aikina ɗan Den Haag kuwa ya ja ta ya ce "teet". Wanne ne daidai? In watsar da abin da na koya ne?

Amsa:

Ɗan'uwa, abin da kunnenka ya jiye maka haka yake, kuma malamarka ba ta koya maka kuskure ba. Holanci rubutunsa ɗaya ne, amma daidaitaccen furucinsa biyu ne: na ƙasar Holan, da na arewacin Beljiyam, wato yankin Filandas. Hukumar da ke kula da harshen, Taalunie, wadda ƙasashen biyu suka kafa a 1980 kafin Surinam ta shigo daga baya, ƙa'idar rubutu take tsayarwa. Ba ta da dokar da ta ce ga yadda za a buɗe baki a faɗi *ee*. Mai karanta labarai a tashar NOS da ke Hilversum da takwaransa na VRT a Brussels duk Holanci mai kyau suke yi, amma jimla guda ta isa a gane daga inda kowannensu ya fito. A ƙarƙashin waɗannan biyun kuma akwai lafazin birane da karin harshen karkara, nan ne abokin aikinka na Den Haag ya shigo.

Abin da zai amfane ka ka sani shi ne wane wasali ke tafiya da wane. Wasulan nan a jere suke sauyawa, kuma mai koyo yana fara shiga ruɗu ne ranar da ya ɗauko rabi daga Antwerp ya haɗa da rabi daga Rotterdam.

Mu fara da abin da ake kira gajere da dogo, don a nan Bahaushe ya fi yin tuntuɓe bai sani ba. Littattafan nahawu sukan lissafa wasula 16 a Holanci: gajeru biyar, *a, e, i, o, u*; waɗanda ake kira dogaye guda bakwai, *aa, ee, ie, oo, uu, eu, oe*; tagwaye uku, *ei* ko *ij*, da *ui*, da *ou* ko *au*; sai raunanan wasalin nan da ake ji a *de*. Mu mun saba da tsayi. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, jan wasali ne babban abin da ya raba su. Da wannan kunnen muke shiga aji, sai mu ɗauka *vis* da *vies* ma haka suke, a gajarta ɗaya a ja ɗaya.

A Antwerp da sauran yankin Brabant na Beljiyam, wanda ita Antwerp take cikinsa, wannan zaton bai yi nisa da gaskiya ba. Gajeren *i* ɗinsu a matse yake, can sama, kamar *ie* da aka datse, shi kuma *ie* ɗin sai su ja shi. A Holan ba haka ba ne. A can *ie* da *oe* da *uu* sunan dogaye kawai suke amsawa, in an auna su gajeru ne, sai fa in *r* ta biyo bayansu, kamar a *vier* da *boer* da *muur*. Abin da ya raba *vis* da *vies* a bakin ɗan Rotterdam shi ne inda harshen bakinsa yake: a *vis* ya ɗan sauko ya saki, har ya kusanci e, a *vies* ya hau sama ya matse. To *vis* kifi ne, *vies* kuwa ƙazami. Wanda ya shiga kasuwa a Rotterdam da *i* irin na Antwerp, mai kifi zai gane shi tunda a gaban teburinsa yake tsaye, amma "ƙazami" kunnensa ya ji. Haka *zit* da *ziet*, yana zaune da yana gani, haka *wil* da *wiel*, yana so da ƙafar mota. Ni a ganina wannan ne gyaran farko da ya kamata ka yi, tun kafin ka taɓa *ee*.

Kada kuma ka ɗauka duk Beljiyam haka take. Ka yi yamma zuwa Brugge ko Kortrijk, komai ya juye: *i* ya sauka ya koma kamar *e*, shi kuma *e* ya sauka ya doshi *a*, har *vis* ya fito kamar "ves". Gidajen talabijin na Filandas sukan sa rubutu a ƙasan hoto in mutumin wannan yankin yana magana da karin garinsu, don sauran 'yan ƙasarsa su bi shi.

Sai *ee* da *oo* da *eu*, waɗanda ka fara lura da su. A yammacin Holan, yankin da suke kira Randstad, wanda ya haɗa Amsterdam da Rotterdam da Den Haag da Utrecht, waɗannan ukun ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ana fara *ee* da e a ƙare da ɗan i, ana fara *oo* da o a rufe da ɗan u, *eu* ma yana hawa a wutsiyarsa. A Filandas inda aka fara nan ake ƙarewa, kamar e ɗin *tebur* da o ɗin *ƙofa*. Rotterdam na cikin wuraren da lanƙwasar ta fi fitowa fili, shi ya sa ta dake ka da wuri. Da Maastricht ko Enschede aiki ya kai ka, da wataƙila wannan tambayar ba ta taso ba, domin a kudu da gabashin Holan wasulan nan sun fi kusa da na malamarka.

Lanƙwasar ba ta daɗe da shiga daidaitaccen furuci ba. Hans Van de Velde ya tattara faya-fayan rediyon ƙasashen biyu daga 1935 zuwa 1993, na sharhin wasanni da na bukukuwan gidan sarauta, ya bi su sauti bayan sauti a kundin digirinsa na 1996 a Nijmegen. Abin da ya fito shi ne a shekarun 1930 masu magana a rediyon ƙasashen biyu ba su yi nisa da juna ba. Daga nan Holan ta yi ta gusawa, *ee* da *oo* suna ƙara lanƙwashewa, Filandas kuwa kusan tana nan inda take. Wato *nee* ɗin da aka koya maka a Antwerp ya fi kama da na mai karanta labarai a Holan zamanin kakanni fiye da na jikokinsa a yau.

Akwai togaciya guda. Ko a Rotterdam ba a yi musu wannan wutsiyar in *r* ce ta biyo baya. *Meer* yana fitowa ne kamar *i* ɗin *vis* da aka ja, *door* da *deur* ma ba sa hawa. Sabon zuwa da ya ce "meir" don ya yi kama da 'yan gari ya wuce gona da iri.

Yanzu ga inda abin ya ɗaure. In *ee* ya koma "ei", ya shiga filin *ij* ke nan, domin shi *ij* na littafi buɗaɗɗen e ne da ke hawa zuwa i. *Week* mako ne, *wijk* unguwa. *Goot* kwata ce, *goud* zinariya, kuma da yake *d* ta ƙarshen kalma t ake faɗinta, wasalin kaɗai ya raba su. *Keuken* ɗakin girki ne, *kuiken* ɗan tsako. Abin kamar zama a kujerar motar haya ne: in na bakin ƙofa ya matso, dole na kusa da shi ya gyara zama. A Randstad *ij* ya ƙara buɗewa ya doshi "ai" irin na *kai*, *ou* ya zama "au" cikakke irin na *sau*, *ui* shi ma ya koma farowa daga ƙasa. Masana sun yi ta jayayya kan wanda ya fara motsi, ko *ee* ne ya turo *ij*, ko *ij* ne ya tashi *ee* ya bi sawunsa. Ko ma wanne ne, tazarar da ke tsakanin *week* da *wijk* tana nan, dukansu biyun ne suka gusa.

Wanda ya raɗa wa wannan furucin suna shi ne Jan Stroop na Jami'ar Amsterdam, da littafinsa na 1998, *Poldernederlands*. Misalin da aka fi maimaitawa shi ne *blijf bij mij*, ka zauna tare da ni, da ya koma "blaaif baai maai". Stroop ya ce wannan ba lafazin wani birni ba ne, kuma mata masu zurfin karatu ne ke jan gabansa. Binciken Irene Jacobi na 2009, shi ma a Amsterdam, ya nuna zurfin karatu ya fi jinsi tasiri a ciki. Stroop yana ganin ABN, wato abin da suke kira Holancin wayayyu na kowa da kowa, yana kan hanyar ɓacewa. Ni dai ban ga ya ɓace ba, muryarsa ce ta sauya. "Tait" ɗin da kake ji a ofis shi ne kake ji a rediyo da talabijin, kuma a yau ba wanda yake ɗaga kai don an faɗe shi.

A Filandas *ee* bai motsa ba, don haka *ij* bai da dalilin gudu. Hawansa kaɗan ne, a bakin mutane da yawa ma ba ya hawa sam, buɗaɗɗen e ne kawai aka ja. Ka ga ke nan *week* na Rotterdam da *wijk* ɗin da ka koya a aji sun yi kusa da juna ainun. In ka ari "weik" daga abokan aikinka ka bar *wijk* ɗinka yadda yake, kai da bakinka ka haɗe kalmomi biyu da ba ɗan Antwerp ko ɗan Rotterdam da ya taɓa haɗe su. Haka za ta faru da *goot* da *goud*, da *keuken* da *kuiken*. Wannan ne haɗarin gaske, kuma shi ne aka fi samu wajen waɗanda suka koyi harshen a ƙasa ɗaya suka koma ɗayar.

Dalilin da ya sa ake rubuta sauti ɗaya da *ei* da kuma *ij* yana da alaƙa da wannan duka. Da can sauti biyu ne. Shi *ij* dogon i ne, ana rubuta shi da i biyu, sai marubuta suka riƙa ja wa na biyun jela don a gane shi. *Tijd* "tiid" ne a lokacin. *Huis* kuma *huus* ne, kafin nan ma *hoes* ne, da u irin tamu. Daga ƙarshen tsakiyar zamani zuwa ƙarni na 16, mutanen Brabant da na lardin Holland, wanda ke yammacin ƙasar Holan, suka fara karya waɗannan dogayen wasulan suna mai da su tagwaye. A 1585 sojojin Sifaniya ƙarƙashin Alexander Farnese suka ci Antwerp, cikin 'yan shekaru kusan rabin mutanen birnin suka tashi, da yawansu attajirai da malamai da masu sana'a, suka zube a Amsterdam da Haarlem da Leiden da Middelburg. An daɗe ana muhawara kan ko su suka kawo sabon furucin arewa, ko sun tarar da shi ne suka ƙara masa daraja. Abin da ba jayayya a kansa shi ne a ƙarni na 17 ya zama furucin manyan biranen Holland, daga nan ya zama na littafi. Sabon *ij* ya je ya haɗe da tsohon *ei*, shi ya sa yaran firamare har yau suke haddace wace kalma ce ke da *korte ei* wace ce ke da *lange ij*. Gajarta da tsayin da ke cikin sunayen nan na surar harafi ne, sautin ɗaya ne. *Leiden*, jagoranci, da *lijden*, shan wahala, kunne ba ya raba su.

Sauyin bai kai gefe-gefe ba. A yammacin Filandas da Zeeland, da arewa maso gabashin Holan, da yawancin Limburg, karin harshen gida har yanzu *tied* yake cewa, da *huus* ko *hoes*. Ko a daidaitaccen harshen akwai ragowa: *bijzonder* "bizonder" ake faɗinsa, garin Wijchen kusa da Nijmegen ma da i ake kiransa, ɗafin *-lijk* na ƙarshen *moeilijk* da *natuurlijk* kuwa raunanan wasali ne a ciki, ba "laik" ba. In kana bin ƙwallo, sunan Van Dijk ya ishe ka gwaji: "Daik" a Randstad, "Deek" mai buɗaɗɗen e a unguwannin Den Haag, *diek* kuwa ita ce kalmar a bakin manomin Zeeland. *Uy* ɗin De Bruyne da *uij* ɗin Cruijff tsofaffin hanyoyin rubuta *ui* ne.

Akwai taswira guda da duk ɗalibin ilimin karin harshe ya taɓa gani, ta G. G. Kloeke ta 1927, a kan kalmomi biyu kacal: *huis*, gida, da *muis*, ɓera. Asalin wasalinsu ɗaya ne, ya kamata a ce duk inda aka ce *hoes* a ce *moes*, inda aka ce *huus* a ce *muus*. Sai Kloeke ya sami yankuna a gabas da suke cewa *huus* amma kuma *moes*. Bayaninsa shi ne gida kalma ce ta mu'amala, ana faɗinta gaban ɗan kasuwa da mai wa'azi da ma'aikacin hukuma, don haka ta ɗauki furucin masu daraja na yamma tun lokacin da su ma *huus* suke cewa. Ɓera kuwa zancen cikin gida ne da rumbu, ba mai yi masa ado, sai ya zauna da tsohon wasalinsa. Leonard Bloomfield ya ɗauko taswirar ya sa a littafinsa na 1933, daga nan ta zaga duniya. Na kawo ta ne don ka ga tun ƙarni huɗu da suka wuce daraja ke jan wasali a wannan harshen, har ta iya ɗaukar kalma ɗaya ta bar 'yar'uwarta.

Wannan ya kawo mu ga abokin aikinka. Lafazin talakawan Den Haag, wanda suke kira *plat Haags*, yana miƙar da tagwayen wasulan ne gaba ɗaya: *tijd* ya zama "teet" da buɗaɗɗen e, *huis* ya rasa hawansa, *koud* ya koma kamar "kaat". Masu rubuta shi don raha sukan sa *è* a madadin *ij*, su rubuta *kèke* a wurin *kijken*. A birnin nan guda kuma akwai lafazin masu hannu da shuni, *bekakt Haags*, mai matsattsun wasula, har ana yi wa ɓangarorin biyu ba'a da juna. Tsohon lafazin Amsterdam shi ma yana miƙar da *ij*, amma zuwa a: *pijn*, ciwo, ya zama "paan". Kuma da yake hakan zai ci karo da *aa*, sai *aa* ɗin ya ja baya ya doshi o. Ka ga jerin nan ya sake fitowa. Karin cikin garin Antwerp ma yana kai *aa* wajen o, wataƙila ka sha jin hakan a tasha ko a kasuwa ko da ba ka ji shi a aji ba.

Lura da wani abu a nan. Miƙaƙƙen *ij* na ɗan Den Haag da na ɗan Filandas sun yi kama a kunne, amma ba daraja ɗaya aka ba su ba. A Leuven ta Filandas furucin kowa ne, har da malamin jami'a in ya saki jiki. A Den Haag yana nuna unguwar da mutum ya tashi. Don haka kada ka kwaikwayi abokin aikinka, zai iya ɗauka tsokanarsa kake yi.

Dalilin da ya sa furucin Beljiyam bai gusa ba na tarihi ne. Bayan ƙasar ta ɓalle daga Holan a 1830, Faransanci ne harshen mulki da kotu da manyan makarantu, Holanci kuwa ya zauna a matsayin karin harshen ƙauyuka da unguwanni. Sai a 1930 Jami'ar Ghent ta koma koyarwa da Holanci gaba ɗaya. Da aka zo kafa daidaitaccen furuci, an ɗauko shi ne daga na masu ilimin arewa na wancan lokacin, aka rubuta shi a littafi, fitacce a ciki shi ne na Edgard Blancquaert na 1934, sannan makaranta da gidan rediyon gwamnati suka tsare shi da tsanani. Furucin da aka koya daga littafi ake kuma gadinsa ba ya gusawa da sauri kamar wanda miliyoyin mutane ke hira da shi kullum a gida. Sakamakonsa shi ne 'yan Filandas ƙalilan ne ke yin Holancin VRT a teburin abinci. Yawancinsu wani abu suke yi tsakanin karin gida da na littafi, wanda ake kira *tussentaal*, kuma launin Brabant da Antwerp ne ya fi rinjaye a cikinsa.

Ko ƙwararru ba su kuɓuta daga launin yankinsu ba. A wani bincike da Patti Adank da Roeland van Hout da Van de Velde suka buga a 2007, an ɗauki muryar malaman Holanci 160, rabi daga yankuna huɗu na Holan rabi daga yankuna huɗu na Filandas, suna karanta gaɓoɓi cikin natsuwa. Duk da haka awon wasulansu ya nuna yankin da suka fito. In malamin harshen kansa bai goge alamar garinsu ba, ba wanda zai nemi ka goge taka.

Akwai ƙananan abubuwa da za ka ci karo da su. Kalmomi masu *a* da aka aro daga Ingilishi, a Holan da e ake faɗinsu, a Beljiyam da a: "trem" da "tram", "flet" da "flat". Ƙarshen *-en* na *lopen*, a yamma *n* ake yarwa a ce "lope", a Groningen da Twente, can arewa da gabashin Holan, wasalin ake haɗiyewa a ce "loopm". Mutane da yawa kuma suna cusa ɗan wasali a *melk* da *film* su ce "melek" da "filem", abin da bakin Bahaushe zai yi maraba da shi. A Limburg kuwa akwai karin sauti na gaske iri biyu, da suke kira *sleeptoon* da *stoottoon*, inda *daag* ke nufin yini ɗaya ko kwanaki da yawa gwargwadon yadda murya ta tafi a kan wasalin. Mai kunnen Hausa ya fi ɗan Amsterdam saurin kama wannan.

To me za ka yi? Kana da hanya biyu, kuma dukansu masu ɓullewa ne. Ta farko, ka riƙe jerin Beljiyam gaba ɗayansa, miƙaƙƙun *ee* da *oo* da *eu* tare da *ij* mai ɗan hawa. Kowa a Rotterdam zai fahimce ka, iyaka a tambaye ka ko a Beljiyam ka koya, kuma 'yan Holan da yawa suna jin daɗin wannan lafazin. Gajeren *i* ɗin ne kawai za ka sassauta. Ta biyu, in zamanka a nan mai tsawo ne, bakinka zai fara bin na mutanen da kake yini da su ko ba ka yi niyya ba. In ka ji hakan ta fara, ka fara buɗe *ij* da *ui* da *ou* tukuna, sannan ka bar *ee* da *oo* da *eu* su lanƙwashe. In ka bi wannan tsarin ba lokacin da kalmomi za su haɗe maka. Kuma "ai" da "au" suna bakinka tun daga gida. Sai dai ka kula kada ka ja *ij* ya wuce kima, domin akwai *aai* a gefe: *hij* shi ne, *haai* kuwa babban kifin nan ne mai cin mutane.

Inda ba yankin da zai yi maka uzuri shi ne wasula uku da babu su a Hausa, *uu* da *eu* da *ui*, da ɗan'uwansu gajeren *u* na *bus*. Harafin *u* a Holanci ba u ɗinmu ba ne, namu *oe* ake rubuta shi. Don samun *uu*, ka faɗi dogon i na *kifi*, ka bar harshenka a nan kada ya motsa, sannan ka tsuke leɓɓanka kamar mai shirin fito. Don *eu*, ka yi hakan da e ɗin *tebur*. Wannan ba ado ba ne: *buur* maƙwabci ne, *boer* manomi, kuma *huur*, kuɗin haya, in aka faɗe shi da u ɗinmu ya zama zagin da ba a yi wa mace, alhali kalma ce da za ka faɗa wa mai gida duk wata. Shi kuwa *ui*, a kansa ne kusan duk mai koyo ke zamewa ya faɗa cikin "au". Ana fara shi da baki a buɗe, harshe a gaba, a ƙare a *uu*, ba a u ba. In ƙarshensa ya koma baya, *huid*, fata, ta zama *hout*, katako, *uit*, waje, kuma ya zama *oud*, tsoho.

Ga jerin da nake ba masu koyo su riƙa maimaitawa, domin baƙaƙensa ɗaya ne, wasali kaɗai ke sauyawa: *kaken, keken, kijken, koken, koeken, keuken, kuiken*. Ka nemi mutum ɗaya ɗan Rotterdam da kake yarda da Holancinsa ya karanta maka su ka ɗauka a waya, ka kwatanta da yadda malamarka ta Antwerp take faɗinsu. Sannan ka ɗauki naka ka ba wani ya saurara ya rubuta abin da ya ji. In ya rubuto kalmomi bakwai daban-daban, jerinka lafiya yake. In biyu suka fito masa iri ɗaya, galibi *keken* da *kijken* ne, ko *keuken* da *kuiken*, kuma na biyun a kowane biyu shi ne wanda za ka ƙara buɗe wa baki.